Darasi na Tara: Zane Mai Awo Daidai a Kwamfutar Linux

Kafintan da zai yanka katako ba ya cewa "kamar taƙi biyu". Tef yake ɗauka ya auna, ya sa alama, sannan ya ɗora zarto. Haka tela, haka magini. To idan zanen aikin ya koma cikin kwamfuta, wannan tarbiyyar ba ta canzawa. Yau za mu koyi yadda ake zaɓar manhajar da za ta zana murabba'i ko da'ira daidai da awon da kuka ba ta, a kwamfutar da ke aiki da Linux.

Linux babbar manhaja ce, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, yana ɗalibi a jami'ar Helsinki. Ana ce mata buɗaɗɗiya domin kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ba wani. Tana da iri-iri, kamar Ubuntu da Debian da Linux Mint. Duk manhajojin da za mu ambata a nan suna aiki a kansu, kuma kyauta ne.

Zane iri biyu

Kwamfuta tana riƙe hoto ta hanya biyu. Akwai wanda take adanawa a matsayin tarin ɗige-ɗige masu launi, irin hoton da kyamara ke ɗauka. Idan aka buɗa shi sosai sai ya dushe, gefensa ya koma kamar haƙoran zarto. Akwai kuma wanda take adanawa da lissafi: layi ya tashi daga nan, ya tsaya a can, tsayinsa kaza. Wannan ko an buɗa shi sau ɗari, gefensa na nan sumul, awonsa bai motsa ba.

Mutane da yawa suna fara buɗe GIMP, saboda sunanta ya fi yawo. Manhaja ce mai kyau ƙwarai wajen gyaran hoto, amma da ɗige-ɗige take aiki. Wanda ya nemi zanen ƙofa mai awo a cikinta zai sha wahalar da ba dole ba ce, daga ƙarshe ya ɗauka shi ne bai iya ba. Wannan yana damuna, domin laifin ba nasa ba ne, kayan aikin ne bai dace da aikin ba.

Saboda haka duk manhajar da aka nuna muku, ku yi mata tambaya ɗaya: shin akwai gurbin da zan rubuta faɗi da tsayi da lambobi? In akwai, ku zauna da ita. In sai dai a yi ta jan linzami ana kimantawa da ido, ku wuce.

Wadda za ku fara da ita

Shawarata ku fara da LibreOffice Draw. Sau da yawa ma tana cikin kwamfutar tun farko, musamman a Linux Mint, ba sai an sauko da komai daga intanet ba. Shafinta kamar takarda yake, da rula a sama da gefe.

Ku zaɓi alamar mai kusurwa huɗu, ku ja ko yaya ya samu. Kada ku damu da girmansa tukuna. Yayin da yake zaɓe, ku danna F4 a allon madannai. Ƙaramin akwati zai buɗe, da gurbin faɗi da gurbin tsayi, da kuma inda ake rubuta nisansa daga gefen takarda. Ku rubuta santimita 8 a faɗi, 6 a tsayi. Akwai wani ɗan gurbi kusa da su da ke ɗaure faɗi da tsayi wuri guda. Idan da alama a cikinsa, kuna canza ɗaya, ɗayan zai bi shi. Ku cire alamar kafin ku rubuta. In kuwa cikakken murabba'i ko cikakkiyar da'ira kuke so, ku riƙe Shift yayin ja. LibreOffice Draw tana kuma da layin awo mai kibiya a kowane baki, wanda ke rubuta tsayin da kansa, irin wanda ake gani a zanen gini.

Idan aikinku na lanƙwasa ne, kamar tambari, ko fasalin hannun riga, ko haruffan da za a yanka, sai ku koma Inkscape, wadda aka fara a 2003. A saman shafinta akwai gurbin W na faɗi da H na tsayi, kuma kuna iya zaɓar milimita. A nan Ctrl ake riƙewa don samun cikakkiyar da'ira, ba Shift ba. Amma ga wani abu da ke ruɗa har waɗanda suka daɗe da ita: idan kun danna zane da kibiyar zaɓi, awon da take nunawa ya haɗa da kaurin layin. Kun rubuta milimita 100, kaurin layi kuma milimita 1, to daga tsakiyar layi zuwa tsakiyar layi 99 ne. Ga mai yankan ƙarfe, wannan ɗayan ba ƙaramin abu ba ne. Ku siranta layin sosai kafin ku sa awo.

Ta uku ita ce LibreCAD, ta masu zanen gini da kayan inji. Fuskarta tana ɗan tsoratar da baƙo, amma tsarinta a miƙe yake. A gurbin umarni ku rubuta line, sai 0,0, sai @80,0. Ma'anarsa: daga inda nake, tafi 80 dama. Sai @0,60 ya hau sama, @-80,0 ya dawo hagu, close kuma ya rufe. Ba ku ja komai da hannu ba. Tana adana aiki a fayil ɗin DXF, wanda yawancin injinan yanka da manhajojin injiniyoyi ke karɓa. Inkscape da LibreCAD duka suna cikin rumbun manhajoji na kwamfutarku; ku rubuta sunan, ku danna girkawa.

Wurin bugawa

A nan ne aiki mai kyau yakan lalace. Firinta takan rage zane kaɗan don ya shiga takarda, ba tare da ta faɗa muku ba. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, tsayinta 297. Zanenku kada ya kai bakinta, kuma a akwatin bugawa ku zaɓi ainihin girma, wato kashi 100 cikin 100.

Aikin gwaji

Ku zana mai kusurwa huɗu, milimita 80 da 60, a manhajar da kuka zaɓa. Ku buga shi, ku sa rula a kowane gefe. Sannan ku auna daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama. Dole ku sami milimita 100 cif. Wanda ya sami 96 ko 97 ya koma ya duba akwatin bugawa, ya sake bugawa, ya zo da takardun biyu aji na gaba mu kwatanta su.