Darasi na Tara: Cutar Karkarwa da Abin da Magani Ke Gyarawa a Ƙwaƙwalwa

Mu ɗauki misalin wani baduku a unguwar Birni ta Damagaram, mai shekaru sittin da ƴan kai, wanda ya tsufa yana ɗinkin jaka da takalma da kube. Wata rana ƴarsa ta lura cewa idan ya ajiye basilla ya zauna hutawa, babban yatsansa na dama da manuniya suna murzar juna kamar mai jan carbi, alhali babu carbi a hannun, da ya miƙa hannu ya ɗauki kofin shayi kuma sai rawar ta lafa. Bayan wasu watanni aikinsa ya yi nawa, hannun nan ya daina lilo idan yana tafiya masallaci, fuskarsa ta daskare har abokan zamansa suka zaci fushi yake yi da su. A gida wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce iska ce ko sammu. Likita kuwa ya ce cutar karkarwa ce, wadda ake rubutawa Parkinson a takardar asibiti, da sunan likitan birnin Landan da ya bayyana ta a rubuce a shekarar 1817. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu ɗauke da ita sun haura miliyan takwas da rabi.

Rawar a hannu ake ganinta, amma asalin ciwon yana cikin kai. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma ko ɗaga cokali ba ya yiwuwa sai sassa da dama sun aika wa juna saƙo, kowanne a lokacinsa. Can ƙasa, kusa da inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, akwai wani ɗan wuri baƙi-baƙi wanda ƙwayoyinsa ke samar da sinadarin dofamin, suna tura shi zuwa cibiyoyin da ke tace umarnin motsi. Waɗannan ƙwayoyi ne cutar ke kashewa sannu a hankali, kuma kafin a ga alamar farko a jiki, kusan rabinsu ko fiye sun riga sun tafi.

Duk wanda ya ga mata uku suna lugude a turmi ɗaya zai gane abin da rashin dofamin ke jawowa. Daɗin lugude shi ne kowace taɓarya ta sauka a lokacinta, wannan na tashi waccan na faɗawa. Idan taɓaren uku suka riƙa sauka a tare, sai su gwabzu a bakin turmi, ga ƙara ga gumi, amma gero bai daku ba. Masu bincike sun auna irin wannan a ƙwaƙwalwar marasa lafiya: cibiyoyin motsi suna kama bugu ɗaya tare, sau 13 zuwa 30 a cikin daƙiƙa guda, sai umarnin "tashi" ko "taka" ya rasa hanyar wucewa. Gwargwadon yadda aka rage wannan bugu na bai ɗaya, gwargwadon yadda sandarewar jiki da nawar motsi ke sauƙi.

Babban maganin cutar shi ne lebodofa, a jikin kwali kuma za a ga an rubuta levodopa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arbid Kalsan, ya nuna a 1957 cewa wannan sinadari yana tayar da zomayen da aka sandarar da magani, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2000. Shi dofamin ko an sha shi ba ya iya ƙetarawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, amma lebodofa yana ƙetarawa, a can ciki kuma ya rikiɗa ya zama dofamin. Ana haɗa shi da wani magani, karbidofa ko bensarazid, domin kada ya lalace a hanya ya tayar da zuciya. Da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, wadda a asibitocinmu ake kira IRM, an ɗauki hoton masu cutar a farkonta kafin su sha magani da kuma bayan sun sha. An ga cewa wasu hanyoyin sadarwa da suka yi rauni suna ƙarfafa, wasu da suka ɗaure fiye da kima suna sassautawa, tsarin ya matso kusa da na mai lafiya ko da yake bai koma daidai da shi ba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Maganin ba ya raya ƙwayar da ta mutu, sadarwar ƙwayoyin da suka rage yake gyarawa, na ƴan sa'o'i, sannan ƙarfinsa ya sauka. Wasu suna jin tsoron fara shi da wuri, wai jiki zai saba da shi ya daina ci. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan kan marasa lafiya 445, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa fara shi da wuri bai rage saurin cutar ba, bai kuma ƙara shi ba. Wani da ya kwatanta marasa lafiya na Gana da na Italiya ya nuna cewa motsin da jiki ke yi da kansa ba a so, wanda ke zuwa wa masu shan maganin daga baya, daɗewar cutar da kuma yawan abin da ake sha yake bi, ba lokacin da aka fara shan maganin ba. A ganina, mai jinkirta magani saboda wannan tsoro shekarun da hannunsa zai yi masa sana'a kawai yake asara.

Tunda aikin maganin na sa'o'i ne, riƙe lokaci wajibi ne, kuma lokutan salla suna taimaka wa wanda ba ya duba agogo, idan likita ya daidaita masa su. Nama da kilishi da nono da wake suna gogayya da maganin a hanji, saboda haka ya fi kyau a sha shi kamar rabin sa'a kafin cin abinci, ko sa'a guda bayansa. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ita ma tana tare masa hanya, sai a raba lokacinsu. Kada a yanke shan lebodofa farat ɗaya domin hakan yana da haɗari, kada kuma a sayi maganin amai a tebur, domin wasu daga cikinsu suna toshe aikin dofamin. Mai niyyar azumi ya je wurin likita tun watan Sha'aban.

Ƙwaƙwalwa tana da wasu hanyoyin da cutar ba ta fara taɓawa ba, ana kuma iya bi ta cikinsu. Idan ƙafar dattijo ta kafe a bakin ƙofa, kada a fizge shi. Ƴarsa ta ce masa, "Baba, mu ƙidaya tare, ɗaya, biyu," ko ta ja layuka a ƙasa da sanda ya riƙa ƙetare su, sau da yawa sai tafiyar ta kama. Tafiyar ƙasa kullum da sanyin safiya, da manyan taku da lilon hannu, tana cikin magani.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya ja layi uku a shafin littafinsa, ya rubuta "lokacin shan magani" a kan na farko, "abin da aka ci" a kan na biyu, "lokacin da jiki ya sake ko ya ɗaure" a kan na uku, da manyan baƙaƙe. Mai majinyaci a gida ya cike shafin har kwana bakwai, ya tafi da shi ranar ganin likita a babban asibitin Zinder ko a asibitin da ya fi kusa da shi.