Yadda mai ɗaukar bidiyon biki a Gombe zai sa sana'arsa inda ake nema a intanet

Yawancin aikin biki a garin nan ta baki yake zuwa: ƙawar amarya ta ga aikinka a dinar yayarta, ta karɓi lamba. Amma akwai waɗanda ba su da wanda za su tambaya. Ango ne yana aiki a Abuja ko Legas, amarya tana Tumfure, ko kuwa wata ƙungiya ce za ta yi taron kwana biyu tana son a ɗauka. Waɗannan waya suke ɗauka su shiga Google su rubuta "videographer in Gombe", kuma su ne ba sa ja-in-ja sosai a kan farashi. Idan ba ka fito a nan ba, wanda ya fito shi zai ci kasuwar, ko da kyamararsa ba ta kai taka ba.

Ba zan tsaya koya maka buɗe Gmail ba. Abin da za ka fara yi shi ne ka ɗauki takarda ka rubuta abu uku: sunan sana'a, lambar waya, adireshi. Yadda ka rubuta su a nan, haka za su kasance a ko'ina, harafi da harafi. Yaranmu sukan zama "Studio" a Facebook, "Multimedia" a Instagram, "Films" a jikin allon shago, sannan su yi mamakin me ya sa ba a gane su. Lamba kuma taka ce za ka sa, wadda ke kan WhatsApp, ba ta yaron shago ba. Yaro zai tafi ya buɗe nasa, ya tafi da kwastomominka a aljihu.

Sai ka shiga Google Business Profile, wanda a da ake kira Google My Business kafin a canza sunan a 2021. Shi ne ke sa ka fito a taswira, kuma kyauta ne. Duk wanda ya kira ka ya ce daga Google yake, ka turo kuɗi a tabbatar da kai, ɗan damfara ne, kashe wayarka. Wajen suna, sa sunanka na gaskiya kawai. Kada ka ƙara "best wedding video Gombe Bauchi Yola" a bayansa, dokarsu ta hana, kuma suna dakatar da shafi a kan haka. Wajen rukunin sana'a zaɓi "Video production service" a matsayin babba. Idan kana haɗawa da hoto, ƙara "Wedding photographer" a ƙasa.

Za a tambaye ka ko kwastomomi suna zuwa wurinka. In kana da shago a Jekadafari ko Pantami mai allo a ƙofa, ka ce e, ka ja alamar taswira da yatsa har ta zauna a kan rufin shagon, don unguwanninmu da yawa ba lambar gida ba sunan layi, in ka bar wa na'ura za ta ajiye ka a tsakiyar titi. In kuwa a ɗakinka kake haɗa aiki, ka ce a'a, adireshin zai ɓoye, sai ka lissafa garuruwan da kake zuwa. An ba ka har wuri 20, amma ni ban ga amfanin cika su ba. Gombe, Kumo, Deba, Bajoga, Dukku, Billiri, Kaltungo sun isa. Kada ka sa Kano alhali ba ka da kuɗin motar kai kaya.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, wato tabbatarwa. Google ne ke zaɓar hanyar da zai ba ka, wani lokaci saƙon waya, amma yanzu galibi bidiyo yake nema. Abin dariya, masu sana'ar bidiyo ma sukan kasa wannan. Dalili kuwa hannunsu ya saba da gyara. Mutum zai ɗauko babbar kyamara, ya ɗauki shago ta kusurwa huɗu, ya yanka, ya sa kiɗa, ya zo ɗorawa ya tarar babu ma wurin ɗora fayil. Ba haka ake yi ba. Da waya ake ɗauka, daga cikin shafin kai tsaye, a jere ba yankewa, aƙalla daƙiƙa 30. Ba kyau suke dubawa ba, hujja suke nema guda uku: cewa wurin yana inda ka ce, cewa sana'ar tana nan, cewa kai ne mai ita.

Saboda haka ka tsara tafiyar kafin ka danna. Fara daga waje, nuna titi da allon shagon maƙwabta ko wani gini da ake ganewa, juyo ka nuna allonka a tsaya cak har sunan ya karantu, sannan a ga hannunka yana buɗe kwado da makulli. Shiga ciki, nuna kyamarori, fitilu, kwamfutar da kake aiki da ita a kunne, littafin rasit mai sunan shago. Sunan da ke jikin allo dole ya zama shi ne wanda ka rubuta a shafi. Nan takardar nan ta farko take amfani. Mai aiki daga gida ya nuna ƙofar layinsu, kayan aiki, da wani abu mai ɗauke da sunan sana'a, ko riga ce ko kati ko takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Kada fuskar mutane ta shiga, kada ka nuna lambar asusun banki. Ka yi da hantsi, lokacin da haske ya wadata, ka kuma tabbatar da data da sabis kafin ka fara, don in ɗorawa ta katse sai ka sake daga farko. Bayan nan ka jira, yakan kai kwanakin aiki biyar. A cikin kwanakin kada ka taɓa suna ko adireshi, kada kuma haushi ya sa ka buɗe shafi na biyu. Shafi biyu na sana'a ɗaya ya fi rashin shafi wahalar warwarewa.

In an amince, sai hotuna da bidiyo. Google na karɓar bidiyo na daƙiƙa 30, kada ya wuce MB 75, don haka gutsure za ka yanka: shigowar ango, adon zauren dina, hawan angwanci, taron ɗaurin aure daga sama in kana da diron, ƙaramin jirgin nan mai kyamara. Amma fa ban yarda a sa kamu ko sa lalle ba tare da izinin ango da gidan amarya ba, kuma izinin a rubuce a WhatsApp. Wurin mata ne, an bar ka ka shiga ne da amana. Dangi ɗaya suka ga 'yarsu tana rawa a taswirar Google, ka rasa bikin zuri'ar gaba ɗaya. Naɗin sarauta, saukar Alƙur'ani da tarukan ma'aikatu sun fi sauƙin samun izini, ka fara da su.

Sharhi da taurarin da kwastomomi ke ba shafinka na Google kuwa, ranar da ka miƙa filash ita ce ranar roƙo, lokacin ango yana cikin murna. Tura masa mahaɗin rubuta sharhin nan take ka ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan rubuta mana kalma biyu." Sayen sharhi ko sa abokai goma su rubuta a dare ɗaya, gogewa ake yi.

Sauran shafukan da ake jera sana'o'i a intanet ba sa cin lokaci. Jiji, shafin saye da sayarwa, na da sashen ayyuka, talla kyauta ce, sai in kana son a ɗaga ta sama ne za ka biya, ni kuwa ba na biya sai gab da Sha'aban, bayan Sallah da Disamba, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa. Finelib da BusinessList ka kwafe bayanan takardar nan ka zuba, ka wuce. A WhatsApp Business ka jera ayyukanka uku a katalog, kowanne da abin da ya ƙunsa da kafin alƙalamin da kake karɓa. Duk wanda ya kira, kafin sallama ka tambaye shi a ina ya samu lambarka, ka rubuta a bayan littafin rasit. Bayan wata uku ka duba, inda bai kawo ko kira ɗaya ba ka daina sa masa kuɗi.