Yadda ake buga rami na 7 a filin wasan golf na Pebble Beach idan iska ta juya

Ramin nan da ke gaɓar tekun Kalifoniya ɗan ƙarami ne, yadi 106 kawai kuma gangare ne, kana tsaye a sama kana hango tuta ƙasa, ruwa ya kewaye shi ta dama da ta baya. Sai sabon shiga ya raina shi, to iska ce ke da ramin nan ba tsawo ba.

Da farko ka san wane lokaci ka zo. Kamar yadda iskar hunturu ke zuwa mana daga arewa maso gabas ta damina kuma daga kudu maso yamma, su ma can da rani yawanci daga arewa maso yamma take busowa, amma lokacin sanyi idan hadari ya taso sai ta juyo daga kudu ta bugo ka a fuska. Kar ka dogara da ciyawar da ka watsa sama a inda kake tsaye, duba tuta, duba yadda ruwa ke tashi.

Yanzu ga inda mutane ke faɗuwa, kuma wallahi na sha gani. Iska na fuskarsu sai su ɗauki weji, wato sandar gajeren bugu mai cilla ƙwallo sama, su zuba ƙarfi, a tunaninsu ƙarfi ne zai huda ta. Ina! Duk ƙarfin da ka ƙara ƙwallon ƙara juyawa baya take, sai ka ga ta cilla sama ta tsaya cak kamar shirwa, iska ta dawo da ita cikin yashi ko ta jefa ta teku. Abin yi shi ne ka ƙara sanda biyu ko uku, wato ka ɗauki wadda ta fi kai ƙwallo nesa da mataki biyu ko uku, ka sauko da riƙonka ƙasa kaɗan, ƙwallo ta matso wajen ƙafarka ta baya, nauyinka a ƙafar gaba, ka buga a hankali kar hannunka ya wuce kafaɗa bayan bugu. Ƙwararren ɗan golf Tom Kite ma a ranar ƙarshe ta babbar gasar US Open ta 1992 ayon mai lamba 6, sandar da ta fi weji kai ƙwallo nesa sosai, ya ɗauka a wannan ɗan ramin saboda iska, kuma shi ya ci kofin, to kai wa za ka ji wa kunya?

Ni dai ban yarda a nufi tuta ranar iska ba, tsakiyar filin da tutar take kawai. Kuma tsohuwar ƙwallo za ka sa, kuɗin shiga filin ya haura dala 600, ba sai ka ƙara wa teku sababbi ba.

Idan iska ta baya take zuwa ƙwallo ba ta tsayawa, rage sanda ka sauke ta kafin tuta ta gangara da kanta. Ta gefe kuwa ka nufi ɓangaren da take fitowa ka bar ta ta kawo maka ita.