Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen amfani da ra'o'in sadarwa

Idan lokacin rubuta kundin kammala digiri ya zo, ɗaliban aikin jarida da dama sukan kwaso ra'i (wato bayanin masana kan yadda sadarwa take aiki) biyu ko uku su jera a babi na biyu, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu har ƙarshen kundin. Abin yana damuna, domin kowane ra'i amsa ce ga wata tambaya da wani ya yi a wani zamani. Wanda bai san tambayar ba, ba zai san inda zai ɗora amsar ba.

Ɗauki tsarin Claude Shannon na 1948. Injiniya ne a ɗakin binciken kamfanin waya na Bell a Amurka, kuma abin da ya dame shi shi ne yadda saƙo zai bi waya ya isa ba tare da hayaniya ta ɓata shi ba. Shi da kansa ya ce ma'anar saƙo ba ta cikin lissafinsa. Duk da haka sai ka ga ɗalibi ya ɗauko shi don bayyana dalilin da ya sa jama'a suka yi wa wata talla mummunar fahimta. In ma'ana kake bincike, nemi Stuart Hall, masanin nazarin al'adu a Birtaniya, wanda ya nuna a 1973 cewa mai sauraro yana iya karɓar saƙo yadda aka nufa, ko ya ɗauki wani ɓangare ya bar wani, ko ya juya shi gaba ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jingina komai ga ra'in allura, wato cewa kafafen labarai suna ɗura wa mutane ra'ayi kai tsaye. Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun bi masu zaɓe a gundumar Erie ta jihar Ohio lokacin zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1940, suka tarar kaɗan ne yaƙin neman zaɓe ya sauya wa ra'ayi, kuma hira da mutanen da aka yarda da su ta fi jarida da rediyo tasiri. Daga nan ra'in mataki biyu ya fito: saƙo ya isa ga jagororin ra'ayi, su kuma su kai wa na kusa da su. Mu ma mun ga haka. Bayan dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, an ci gaba da shi a 2004, amma iyaye da yawa ba su buɗe ƙofa ba sai da sarakuna da malamai suka sa baki. Saboda haka, a takardar tambayoyinka kada ka tsaya ga "a ina ka ji?", ƙara da "da wa ka tattauna?"

Sai ra'in tsara ajanda na McCombs da Shaw, wanda suka gwada a garin Chapel Hill na Amurka a zaɓen 1968, aka buga a 1972. Bai ce jarida tana zaɓar wa mutum matsaya ba. Cewa ya yi batun da ta fi nanatawa shi jama'a suke ɗauka mafi muhimmanci. Ɗalibai sukan ƙirga labaran jarida su tsaya nan. Rabin aiki ke nan. Dole ka tambayi masu karatu batutuwan da suka fi damunsu, ka jera su, sannan ka kwatanta da jerin da ka samo daga jaridar.