Yadda za ka bi diddigin rigimar janyo ruwan Kongo zuwa Tafkin Chadi

Duk bayan 'yan shekaru sai maganar nan ta janyo ruwan kogin Kongo don sake cika Tafkin Chadi ta sake tasowa a rediyo, a yi ta musu a majalisa, wannan ya ce shugabanni ne suka ƙi yi, wancan ya ce Turawa ne suka hana. Ni malamin labarin ƙasa ne a nan Zariya, kuma ɗalibai kan zo mini da batun idan za su yi aikin bincike. Ga hanyar da nake ɗora su a kai.

Kafin ka buɗe jarida, shimfiɗa taswirar Afirka a kan tebur ka ɗauki fensir. Sa bakinsa a N'Djamena, ka bi kogin Shari kudu har cikin Afirka ta Tsakiya. Shi da kogin Logone ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba wa tafkin, namu na Komadugu Yobe ɗan kaɗan ne. Can kudu fensirinka zai iske tudun da ya raba ruwan Shari da na Ubangi, kogin da ke zuba cikin kogin Kongo. Duk ɗigon da ya sauka bayan wannan tudu, Kongo ya nufa, daga nan sai teku. Mu 'yan Zazzau bai kamata abin ya ba mu wuya ba, don muna zaune kusa da irinsa: ruwan Kubanni da Galma kogin Kaduna yake bi, amma ka ɗan haura ƙasar Kano, wanda ya zuba can Haɗeja zai bi, ya ratsa Gashuwa, ya doshi tafkin.

Daga nan, duk wanda ya ce maka "aikin janyo ruwa", tambaye shi wanne. Akwai Transaqua, wanda kamfanin Italiya mai suna Bonifica ya tsara tun wajen ƙarshen shekarun 1970: mashigin ruwa mai tsawon kilomita 2,400 da zai tare ƙananan kogunan da ke shiga Kongo, ya gangara da ruwan har Shari ba tare da famfo ba. Akwai kuma ƙaramin shiri na ɗebo ruwan Ubangi da madatsa a Palambo, a Afirka ta Tsakiya, wanda kamfanin CIMA na Kanada ya gama nazarinsa a 2011 don Hukumar Tafkin Chadi. Ita hukumar an kafa ta a 1964, da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. A Fabrairun 2018 aka yi babban taro a Abuja, zamanin Buhari, aka fifita Transaqua, ana ambatar dala biliyan 50, kamfanin PowerChina na Sin ma yana ciki. Har yau ba a sa ko garma ba. Rabin musun da nake ji, mutum biyu ne ke magana a kan shiri biyu daban.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne kan alƙaluma. Za ka ji an ce tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Tambayi daga wace shekara aka fara ƙirga. Kusan kullum daga 1963 ne, lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 bayan shekarun damina mai albarka. Sai farin 1973 ya raba shi gida biyu, na 1984 ya ƙara durƙusar da shi. Wannan gaskiya ne, kuma mutane sun sha wuya. Amma tafki ne marar zurfi, kamar ruwa a faifai, ɗan ƙari ko ragi sai bakinsa ya matsa kilomita da yawa. A farkon ƙarni na 20 ma ya taɓa ƙanƙancewa ya dawo, kuma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna tun shekarun 1990 bai ci gaba da raguwa ba. Masu son Transaqua kan tsaya a hoton 1963 da na shekarun fari, masu adawa kuma, da yawansu masana daga Faransa, su nuna na baya-bayan nan. Kai ka jera su duka.

Kada ka tsallake tarihin gida. Aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi da aka gina a yankin Marte na jihar Borno an shirya shi ne da tunanin tafkin na nan inda yake. Ruwa ya janye ya bar bakin mashigin da ke ɗebo wa aikin ruwa a busasshiyar ƙasa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 kuwa sun amfani manoman Kano, amma sun rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru ke rayuwa da ita. A ganina, wanda bai iya raba ruwan Kano da Yobe da adalci ba, da wuya ya iya da na ƙasashe da yawa.

Sai ka saurari masu ruwan. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ba ta cikin hukumar, kuma 'yan siyasarta sun fito fili sun ƙi, suna tsoron abin da zai sami dazuzzukansu da wutar lantarkin madatsar Inga da ke kan kogin Kongo. Mafi yawan maganganunsu da Faransanci suke, shi ya sa ba ma jin su. Nemi abokin da ke karanta Faransanci a jami'a ya zauna da kai, ko da yini ɗaya ne. Abin yana damuna idan na ji muna maganar ruwan mutane kamar ba su da baki.

Idan ka gama da takardu, shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu banda. Gaishe da dattijon da ya daɗe a harkar, ka ce, "Baba, kayan Baga fa, me ya rage su?" Ka bar shi ya yi bayani da kansa, ka lura ko ruwa zai fara ambata ko tsaro da rufe hanya. Tambaye shi kuma game da masu shuka masara da wake a ƙasar da ruwa ya janye ya bari da danshi, domin idan tafkin ya koma girmansa na 1963, gonakinsu ne za su fara nutsewa. Rubuta amsarsa a shafi ɗaya da alƙaluman taron Abuja, da kwanan wata a gefen kowanne.