Yadda Za Ka Zaɓi Kwamfutar Wasa Mai Ƙarko Ba Tare Da Ɓarnar Kuɗi Ba

Kafin ka tambayi farashin komai, fara yanke shawarar sikirin ɗin da za ka yi wasa a kansa, domin shi ke auna nauyin da katin hoto, wato GPU, zai ɗauka. Sikirin 1080p yana da ɗigon hoto miliyan 2 da 'yan kai, na 1440p kusan miliyan 3.7, na 4K kuwa ya haura miliyan 8. Sayen kati mai tsadar gaske a haɗa shi da sikirin 1080p mai 60Hz, wato mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, asara ce kawai.

Kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi kan katin hoto, kuma ka duba VRAM ɗinsa, wato ma'ajiyar wucin gadi ta katin, da kyau. Manne take a jikin katin, ba a ƙara ta daga baya. 8GB tana ɗaukar 1080p, amma sababbin manyan wasanni sukan cika ta. Da zarar ta cika, wasan zai koma aro daga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar kanta, wadda ba ta kai ta sauri ba, sai hoto ya riƙa sarƙewa. Mai son 1440p ya nemi 12GB ko 16GB.

Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai cibiya shida, irin Ryzen 5 ko Core i5, ya ishi yawancin wasanni. RAM kuwa 16GB ce ƙaranci, 32GB ta fi kwanciyar hankali. Ka saye ta sanda biyu, ba ɗaya ba, ka sa su a rami na biyu da na huɗu idan ramukan huɗu ne, sannan ka kunna XMP ko EXPO, wato saitin da ke ba RAM cikakken gudunta, a cikin BIOS, shafin saiti da ake shiga yayin kunna kwamfuta. In ba haka ba, za ta yi gudu ƙasa da abin da ka biya. Ma'aji kuma SSD irin NVMe mai 1TB, tunda wasa ɗaya na iya cinye fiye da 100GB.

Inda aka fi yin arha mai tsada shi ne na'urar ba da wuta, PSU. Katin hoto yakan fizgi wuta mai yawa farat ɗaya, na'ura mara inganci sai ta kashe kwamfutar ana tsakiyar wasa, wani lokaci ma ta ƙone wasu kayan. Wat 650 zuwa 750 ya wadaci kwamfuta matsakaiciya. Tambarin 80 Plus Gold tattalin wuta kawai yake nunawa, ba ingancin kayan ciki ba, don haka a duba garanti. Masu kyau sukan ba da shekara 7 zuwa 10, kuma za su bi ka har kwamfuta ta gaba.

Babban allon da komai ke hawa kansa shi ke yanke ko za ka iya sauya firosesa nan gaba. Soket, wato gurbin da firosesa ke zama a allon, irin AM4 na kamfanin AMD ya fito a 2016, ya yi shekaru yana karɓar sababbin firosesa. Magajinsa AM5 ya zo a 2022, RAM irin DDR5 kaɗai yake ɗauka. Intel ta fi yawan sauya soket. Fitilu masu launi dai ado ne, ba sa ƙara gudu.

Zafi ke tsufar da kaya. Akwatin ya zama mai raga a gaba, fanka biyu na jawo iska, ɗaya na fitarwa ta baya, a riƙa hure ƙura duk bayan 'yan watanni. Firosesa idan ya doshi digiri 95 zuwa 100, da kansa yake rage gudu. Idan katin hoto na hannu za ka saya, a kunna maka wasa mai nauyi na rabin awa, ka lura da zafinsa, ƙarar fankarsa, da ko layuka ko ɗige-ɗige na bayyana a hoton.