Yadda ake duba lambobin matsala a mota ranar juye

Yawancin masu mota sai fitilar injin ta kama suke neman mai kwamfuta. Ai tun ranar juyen man inji ya kamata a duba, domin ƙwaƙwalwar mota tana ajiye wasu lambobin da ba su kai ga kunna fitila ba tukuna.

Ka duba kafin bakanike ya cire kan batir, don a motoci da yawa cire shi yana shafe abin da aka ajiye. Soket ɗin da ake soka na'urar karanta lambobin, wato OBD2, mai ramuka 16 ne, yana ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba. Motocin Amurka daga 1996 duk suna da shi, na Turai masu fetur daga 2001. 'Yar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhajar Torque a waya sun wadatar, amma masu arahar nan galibi injin kaɗai suke karantawa, ba ruwansu da birkin ABS. Soka ta, murɗa makulli fitilu su kawo, kada ka ta da injin.

Ga inda sababbin hannu ke ɓarna: lamba na fitowa sai yatsa ya tafi wajen gogewa. Haba! Goge lamba ba gyara ba ne. Kuma tare da ita motar ta ajiye yanayin injin a daidai lokacin da matsalar ta faru: zafinsa, juyinsa, gudun motar. Kana gogewa duk sun tafi, ka bar mai rewaya da lalube. Ka ɗauki hoton allon, ka rubuta lambar da kilomitar motar a takardar sabis.

Lamba kuma ba ta ce ka sayi kaya ba. P0301 na nufin silinda ta 1 tana fashin wuta. Kafin ka sayi kwayil, musanya ta da ta silinda ta 2; in lambar ta koma P0302, kwayil ce, in ba ta motsa ba duba filogi da nozil. P0171 iska ce ta rinjayi mai, sau da yawa tiyo ne ya tsage. P0128 da P0420 kuwa, tambayi bakanike ko an cire tamostat (P0128) ko indomin salansa, wato matatar hayaƙi (P0420), abin da aka saba a garejinmu.

Bayan gyara sai ka goge, ka yi kwanaki kana hawa, ka sake dubawa.